Zuwa ga Yaya, kan batun ministan nan

Assalamu alaikum Yaya,

Da fatan kuna lafiya. Ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan Edmonton ta Kanada lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa.

Na ga saƙonka cewa in nemi ɗan Najeriyar nan da kuka ji ya zama minista, ko zai sa baki a bizar autanmu. Yaya, labarin ya iske ku a makare, mutumin ya bar kujera tun 2023.

Sunansa Kaycee Madu, ɗan ƙabilar Ibo ne. Ya karanta lauya a Jami'ar Legas, ya zo Kanada da matarsa a 2005. A 2019 ya ci kujerar majalisar lardin Alberta, kuma shi kaɗai jam'iyyarsa ta UCP ta tsira da shi a duk faɗin birnin nan. Lardi kamar jiha yake a gida, minista kuwa kamar kwamishina, sai dai daga cikin 'yan majalisa ake ɗauko shi. An fara ba shi ma'aikatar ƙananan hukumomi, a Agustan 2020 aka mayar da shi shari'a. Kafin shi ba a taɓa yin baƙar fata ministan shari'a a Kanada ba. Ranar har ni, da ba jam'iyyarsa nake so ba, sai da na ji daɗi.

To ka ji abin da ya ci shi. A Maris 2021 ɗan sanda ya tsayar da shi kusa da wata makaranta, ya ce yana taɓa waya yana tuƙi, ya yanka masa tarar dala 300. Ya biya daga baya. Amma kafin nan sai da ya ɗaga waya ya kira shugaban 'yan sandan birnin. Shi dai ya ce ba soke tara ya nema ba, tsoronsa kada a ce launin fatarsa ya sa aka tare shi. Wannan tsoron na san shi, ba zan ƙaryata shi ba. Amma ministan da 'yan sanda ke ƙarƙashinsa ne ya yi kiran.

Da magana ta fasu a Janairun 2022, Firimiya Jason Kenney, wato shugaban gwamnatin lardin, ya sa ya koma gefe. Wata tsohuwar alƙaliya ta bincika, ta ce ya yi yunƙurin katsalandan a harkar shari'a, ko da yake bai yi nasara ba. Aka ɗauke shi zuwa ma'aikatar ƙwadago. A gida fa, wa zai yi zancen ma? Ɗan sandan ne zai kwana yana ba da haƙuri.

Daga baya sabuwar firimiya Danielle Smith ta ba shi mataimakin firimiya, sai a zaɓen Mayun 2023 Nathan Ip na jam'iyyar adawa ta NDP ya kayar da shi.

Ita biza ma gwamnatin tarayya ke bayarwa, ba lardi ba. Ka ce wa auta ya turo min hoton fasfonsa da takardun makaranta, mu cike ta intanet. Kada ya ba kowa ko sisi.

A gaida Inna da su Yaya Babba.

Ƙaninka