A raba mu da zaɓen ƙato bayan ƙato a zaurukanmu na intanet

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da sauran ma'aikata, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ina roƙon ɗan fili in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, nasan wasu zasu ce ƙasa na fama da tsadar rayuwa shi kuma wannan ya zo da maganar zaɓen admin, toh amma ni a wajena ba ƙaramar magana bace, domin yau matasanmu rabin rayuwarsu a waya take, can suke karatu can suke kasuwanci can suke tara kuɗin taimakon mara lafiya, kuma duk inda aka tara mutane da kuɗi da ikon korar wani, ai mulki ne ko an ƙi ko an so.

Abinda ya tunzura ni shine zaɓen da muka yi kwanakin baya a wata ƙungiyarmu ta marubuta da ke gudana a waya, bazan kama suna ba. An ce za'a zaɓi sababbin masu gudanarwa, kowa ya rubuta sunan wanda yake so a cikin zauren kowa na gani. Cikin 'yan takarar akwai wani dattijo da shi ya fara koya min rubutu, ya sha gyara min aiki ba ko sisi, amma wallahi na sani kuma kowa ya sani bashi da lokacin aikin, sai ayi wata biyu bai leƙo ba, ga kuma wata baiwar Allah da kullum ita ke raba faɗa ita ke tsara komai. Na riƙe waya ta kusan minti goma, daga ƙarshe sunan malamina na rubuta. Bayan an gama mutum uku suka biyo ni ta bayan fage kowa na faɗin abu ɗaya, ita ya so ya zaɓa amma da wane ido zai kalli Malam. Kaga kenan ba ra'ayin mutane muka ƙirga ba, kunya muka ƙirga.

Mu 'yan Najeriya ba baƙon abu bane wannan a wajenmu. Zamanin Babangida, lokacin Farfesa Humphrey Nwosu na riƙe da hukumar zaɓe, an yi tsarin da mutum zai bi layi bayan hoton ɗan takararsa a ƙirga kawuna, wato 'yar tinƙe, kuma har gobe jam'iyyu na yinta a zaɓen fidda gwani. Tsarin nada amfaninsa ban musa ba, da wuya a cusa ƙuri'ar bogi tunda kowa na gani. Amma ɗan haya ya iya tsayawa a layin da ba na mai gida ba? Yaron shago ya iya? Shiyasa aka dawo kan ka dangwala a keɓe, ka jefa a gaban kowa, a ƙirga a gaban kowa. Abin mamaki mun yarda da wannan a rumfar zaɓe amma da mun shiga waya sai mu koma layi. Ko ƙuri'ar da ake haɗawa a WhatsApp ma tana nuna wanda ya zaɓi wane, ta Telegram ce ake iya ɓoye suna, da yawan admin ɗinmu basu ma lura da wannan bambancin ba.

Ni ina ɗan taɓa gyaran maƙaloli a Wikipedia ta Hausa idan data ta samu, dan haka ina bibiyar yadda manyan sassan Wikipedia ke fama da wannan matsalar, kuma akwai darasi sosai. A sashen Turanci shekara da shekaru idan mutum na son zama mai gudanarwa, wato wanda zai iya goge shafi ko toshe mai ɓarna, sai ya tsaya kwana 7 cur ana yi masa tambayoyi ana tono duk abinda ya taɓa rubutawa, kowa na sa hannu da sunansa ko goyon baya ko adawa. Wanda ya haura kashi 75 cikin ɗari galibi ya wuce, tsakanin 65 da 75 sai manya sun zauna sun auna hujjoji, ƙasa da haka kuma sai haƙuri. Abin ya zama kamar titsiye, mutanen kirki suka riƙa gudun tsayawa, masu gudanarwa na raguwa duk shekara aiki na ƙaruwa. Sai a watan Oktoban 2024 suka gwada sabuwar hanya, aka ware 'yan kwanaki na tambayoyi a fili, sannan aka shiga ƙuri'ar sirri ta wata manhaja tasu mai suna SecurePoll, sharaɗin shine ka samu kashi 70. Mutum 32 aka kaɗa wa ƙuri'a a lokaci guda, 11 suka haye. Ka duba yawan waɗanda suka fito, mutanen nan da can suna nan, tsoron zagi a bainar jama'a ne ya hana su. Kuma fa basu soke tsohuwar hanyar ba, sun bar biyun wanda yake so ya bi.

Na sashen Sinanci ma ya fi tayar da hankali. A watan Satumban 2021 gidauniyar Wikimedia, wadda ke kula da Wikipedia, ta kori mutum 7 gaba ɗaya ta kuma ƙwace muƙamin gudanarwa daga mutum 12, saboda wani gungu da ake zargi da haɗa baki wajen murɗe zaɓuka da tsoratar da abokan aiki. Tunda ƙuri'a a fili take, sun san wanda ya ƙi nasu. Bayan nan ne suma suka koma ƙuri'ar sirri. Sashen Kuroshiya kuwa 'yan tsiraru masu ra'ayi ɗaya ne suka riƙe shi kusan shekara goma suna karkatar da tarihin yaƙin duniya na biyu yadda suke so, har aka gano babban cikinsu na amfani da asusun bogi yana ƙara wa ɓangarensa ƙuri'a. Mu da al'ummarmu bata kai tasu yawa ba, kuma kusan kowa ya san garin kowa ya san malamin kowa, inaga mun fi su buƙatar yin hattara tun kafin abu ya faru. Kar wani ya fahimce ni ba daidai ba, ban ce wani abu ya faru a sashenmu ba, cewa nayi a yi shinge tun shuka bata fito ba.

Nasan me za'a ce min, kuma gaskiya ne. A ƙuri'ar sirri mutum zai iya ƙin ka saboda hassada kawai ko dan kai ɗan wani gari ne, ba sai ya kawo hujja ba, kai kuma ka faɗi baka san laifinka ba balle ka gyara. Sannan idan masu zaɓen basu fi tara ko goma ba sirrin ma na jeka-na-yi-ka ne, da an faɗi sakamako kowa zai yi lissafi ya gane. Shiyasa bana goyon bayan a rufe komai. A yi muhawara a fili, mai ƙorafi ya faɗa da bakinsa ɗan takara ya kare kansa, in an gama sai kowa ya shiga ɗaki shi da Allahnsa ya kaɗa. Kuma masu ƙirga su kasance ba 'yan takara ba ba kuma abokan tafiyarsu ba, ko da daga wata ƙungiyar za'a aro su.

Sai maganar yadda ake ƙirgar kanta, wadda mu bamu cika damuwa da ita ba, mun saba wanda yafi yawa shi ya ci shikenan. Amma ka ɗauka mutum biyar ne suka tsaya kujera ɗaya, huɗu ra'ayinsu kusan ɗaya suka raba ƙuri'a, na biyar ɗin da mafi yawa basa so sai ya haye da ɗan abinda bai kai rabi ba. 'Yan uwanmu na Nijar sun san maganin wannan a zaɓen shugaban ƙasa kafin juyin mulkin 2023, in ba wanda ya haura rabi sai a je zagaye na biyu, kamar yadda aka yi a Fabrairun 2021 tsakanin Bazoum da Mahamane Ousmane. A intanet kuwa ba sai an sake fitowa ba, akwai hanyar da zaka jera 'yan takara, wannan ne na ɗaya a wajena, in bai samu ba wannan, in bai samu ba wancan. Idan naka ya zo ƙarshe aka cire shi ƙuri'arka bata mutu ba sai ta koma kan na biyunka, idan kuma ya samu fiye da abinda yake buƙata rarar ta gangara. Ƙasar Ayalan da Malta da haka suke zaɓen majalisa tun da daɗewa. Ita ma gidauniyar Wikimedia ta sha canza hanya a zaɓen kwamitin amintattunta, ta yi amfani da wata hanyar jerawa a 2008, ta koma ta goyon baya ko adawa a 2013, sannan a 2021 ta ɗauko wannan ta gangarar ƙuri'a, kuma babban dalilin shine wai ƙananan al'ummu su samu wakilci, domin a tsarin goyon baya ko adawa babban gungu na iya taruwa su danna adawa kan duk wanda ba nasu ba su cinye kujeru duka.

Toh amma me ya faru? Mutum 19 suka tsaya har da 'yan Afirka, kujeru 4, masu zaɓe basu kai dubu bakwai ba a duk duniya, kuma huɗun da suka ci ɗaya daga Amurka take sauran ukun daga Turai. Abin ya min ciwo lokacin, amma da na zauna nayi tunani sai naga tsarin bai yi ƙarya ba, abinda aka zuba masa shi ya fitar. Mu nawa muka kaɗa? Na san mutane da dama da suka cika sharaɗi amma saƙon ya zo musu da Turanci mai tsawo suka share.

Shi kansa sharaɗin akwai abin dubawa. A zaɓen kwamitin amintattu sai kana da gyara 300 a tarihinka da kuma 20 a 'yan watannin baya. Manufar mai kyau ce, kar wani ya kwaso 'yan unguwarsu ranar zaɓe su buɗe asusu su kaɗa su ɓace, irin jigilar da muka sani. Sai dai ƙirgar gyara bata san nauyin aiki ba. Malamar da ta kwana uku tana haɗa tarihin Nana Asma'u a takarda saboda ba wuta, ta samu caji ta ɗora shi gaba ɗaya, gyara ɗaya aka rubuta mata, wani kuma ya zauna yana sa waƙafi yana cirewa ya tara hamsin kafin la'asar. A ƙungiyoyinmu na gida ina ganin gara a haɗa da daɗewa, ace sai wanda yayi wata shida a ciki kuma an ga motsinsa, a kuma fitar da sunayen masu zaɓe tun kafin a buɗe takara, ba sai an ga wanda ya tsaya ba sannan a fara ƙara mutane cikin dare ko a cire wasu. Wannan ƙa'idar ta rubuta doka kafin a san 'yan takara ita tafi komai muhimmanci a wajena, dan duk dokar da aka yi bayan an san fuskoki to dan wani aka yi ta.

Abu na ƙarshe da ke damuna shine kujerar har abada. A yawancin zaurukanmu wanda ya buɗe shine sarki, ba wa'adi ba mai tambayarsa, in ka yi magana ya cire ka. Jamusawa a nasu sashen na Wikipedia tuni suka sa dokar kiranye, idan mutum 25 suka sa hannu cikin wata ɗaya ko 50 cikin wata shida dole mai gudanarwa ya sake neman amincewa, na Turanci ma sun bi sahu a 2024 da sa hannun mutum 25 cikin kwana 30. Mu adadin nan ya mana yawa, sai mu rage daidai girmanmu, ko mafi sauƙi a sa wa'adin shekara biyu, in ya cika mutum ya sake tsayawa, wanda yayi aiki ba abinda zai ji tsoro, wanda ya gaji kuma ya samu hanyar sauka da mutuncinsa ba sai an yi masa tawaye ba. Da muna da wannan a ƙungiyarmu da Malam da kansa zai ce ya huta, mu kuma da bamu shiga halin da muka shiga ba.

Na riga na rubuta wa shugabanninmu shawarar a gyara tsarin kafin zaɓe mai zuwa, wasu sun karɓa wasu na ganin raini ne ga manya, ni kuma Allah ya sani girman Malam ne ma yasa bana son a riƙa saka shi a layi ana tilasta wa ɗalibansa zaɓe tsakaninsa da gaskiyar da ke ransu. Roƙona gareka Malam Edita, duk lokacin da irin waɗannan zaɓuka na Wikimedia suka taso a daure a sa ko layi biyar ne da Hausa, ranar farawa da ranar rufewa da sharaɗin kaɗawa, akwai masu karanta ku a Kano da Maraɗi da Kumasi da suka cancanta basu sani ba.

Na gode, Allah ya bar zumunci.

Naku,
Mai karatunku a kullum, daga Gusau