Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Masu Nazarin Taurari a Bauchi

Assalamu alaikum, shugaba, iyayen ƙungiya da 'yan uwa mambobi.

Bana mun rage yawo, mun ƙara zama. Ziyarar makarantun sakandare ta yi ƙasa da ta bara saboda tsadar mai, amma zaman karatu na wata-wata bai taɓa fashi ba, har cikin azumi, inda muka mayar da shi bayan tarawihi.

Darasin da ya cinye shekarar shi ne hasken eksire da ke zuwa daga sararin samaniya, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi a asibiti. Iskar da ta lulluɓe duniya tana shanye shi, don haka sai an harba na'ura sama ake ganinsa. A 1962 masanin kimiyya Riccardo Giacconi da abokan aikinsa suka harba roka a Amurka, suka gano cewa wannan haske yana zuwa daga kowace kusurwa, kusan daidai wa daida. Daga ina yake? Tambayar ta daɗe tana wahalar da masana. Giacconi ya samu kyautar Nobel a 2002.

Amsar ta fito sarai bayan an harba madubin hangen nesa na Chandra, mai ganin hasken eksire, zuwa sararin samaniya a 1999. An kafa shi a kan wani ɗan fili na sama, ana komawa ana ƙarawa, har lokacin ya kai daƙiƙa miliyan 7, wato kimanin kwana 81. Abin da ake gani kamar hazo sai ya tarwatse ya zama ɗigo-ɗigo. Yawancinsu manyan baƙaƙen ramuka ne (wuraren da ƙarfin jansu ya kai ko haske ba ya kuɓuce musu) a tsakiyar tarin taurari masu nisa, suna haɗiyar iskar gas. Gas ɗin kan yi faifai yana juyawa, ya yi zafi, zazzafan lantarkin da ke samansa kuma ya ingiza hasken ya koma eksire. Mafi ƙarfinsu su ake kira kwesa. Da yawa ƙura da gas sun rufe su, madubin hangen nesa na yau da kullum ba ya nuna su, shi ya sa aka harba wani madubin mai suna NuSTAR a 2012 don farautar eksire mai ƙarfin ratsawa. A ganina zaman da muka yi a kan wannan ya fi kowane armashi. Har wani malamin lissafi a cikinmu ya tashi ya cika allo da zane, aka manta da shayi.

Ba mu tsaya a takarda ba. Hotunan Chandra kyauta suke a intanet, matasanmu sun sauko da wasu sun haska mana a bango. Sannan muka fita bayan gari ta hanyar Dass neman kwesa 3C 273, wadda masanin taurari Maarten Schmidt ya auna nisanta a 1963. Tana cikin burujin Sumbula, haskenta ya yi tafiyar shekara sama da biliyan 2 kafin ya iso mu. Lokacin neman ta a nan ƙanƙane ne: kafin Maris hazon hunturu, daga Mayu kuma hadari. Madubinmu ya yi ƙarami, sai da wani ɗan uwa ya ara mana babba. Ɗan ɗigo ne dishi-dishi, wasu sun rantse sun gani, wasu sun ce ido ne kawai ke yi musu gizo. Ban goyi bayan kowa ba a rubuce.

Batun kuɗi, ma'aji zai karanta nasa dalla-dalla. A taƙaice, kuɗin wata ba ya shigowa yadda ya kamata, kuma data da man janareta ne suka ci mafi yawa.

Baɗi, in Allah Ya kai mu, kwamiti na neman amincewarku a kan buɗe asusun sayen babban madubi, da ware zama na musamman ga ɗalibai mata da rana, tunda fitar dare ba ta yiwuwa ga yawancinsu. Wanda ake binsa bashi ya ga ma'aji kafin a tashi.

Sakataren ƙungiya