Wasiƙa daga gaɓar tekun Salerno

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da duk mutanen gida. Ka nemi in ba ka labarin inda Allah ya kai ni. Lardin Salerno ne, a kudancin Italiya, kudu da birnin Napoli, duwatsu a bayansa, Bahar Rum a gabansa.

Baƙi suna zuwa ne don kallon teku, amma ni tarihin ilimin wurin ne ya fi kama mini zuciya. A tsohon birnin Salerno aka yi makarantar likitanci wadda babu kamarta a Turai tsakanin ƙarni na 11 da na 13. Wajen shekarar 1077 wani masani daga ƙasar Tunisiya, wanda Turawa suke kira Constantine na Afirka, ya iso garin, daga baya ya juya littattafan likitocin Larabawa zuwa Latin. Cikinsu har da Zad al-Musafir na Ibn al-Jazzar, likitan Ƙairawan, wato garin mai Risalar nan da muka karanta tare a zauren malam. Ranar da na ji haka sai na daina jin baƙunta. Har mata sun yi suna a wannan fanni, irin su Trota, wadda ta yi rubutu kan lafiyar mata a ƙarni na 12.

Daga Salerno na hau bas zuwa Amalfi, a kan wata siririyar hanya da aka sassaƙa a jikin dutse, direba yana danna ham a kowace kwana, teku kuwa na can ƙasa. Garin ƙarami ne yanzu, amma a dā fatakensa sun yi ciniki da Iskandariyya da Kustantiniyya (Istanbul ta yanzu), har sun buga kuɗin zinariya mai suna tari, wanda aka kwaikwayi rubutun Larabci a jikinsa. Mutanen birnin Pisa na Italiya sun wawashe garin a 1135, ambaliyar teku kuma ta rusa tasharsa a 1343. Abin da ya saura shi ne sana'ar takarda, wadda ta zo musu ta hannun Larabawa. A gidan tarihin takarda na ga yadda ruwan rafi yake juya taɓaren katako suna kirɓa tsumma har ya zama kamar kunu, sai a tsoma rariya a ɗebo, a kife a kan bargo, a matse, a shanya. A saman garin akwai gonakin lemon tsami hawa-hawa, kuma har yau a wurare da dama a gadon baya ake sauko da shi ta ɗaruruwan matakala. Da ka ga gumin masu dakon, ba za ka ce ya yi tsada ba.

Kudu da Salerno akwai Paestum, wanda Girkawa suka kafa wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa. Manyan wuraren bautarsu uku suna nan tsaye, ginshiƙi ɗaya ya fi ƙarfin rungumar mutum biyu. Fadama da zazzaɓin cizon sauro na cikin abin da ya kori mutanen garin. A filin kogin Sele ake kiwon bauna irin ta gida, ana yin cukun mozzarella da nononta, kuma 'yan'uwanmu 'yan Afirka da yawa suna ƙwadago a gonakin wurin cikin wahala. Gaba kaɗan sai yankin Cilento da dazuzzukansa, wanda UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1998, shekara guda bayan gaɓar Amalfi.

Takardar da na rubuta maka wannan wasiƙa a kai ta Amalfi ce. Ka ɗaga ta ga hasken rana, za ka ga tambarin masu yin ta a cikin jikinta. Ka gaishe mini da Baba da su Hajiya, ka ce ina barar addu'a.

Wassalam,
Naka amini.