Wannan ba barci a bakin aiki ba ne, Edita

Assalamu alaikum Malam Edita, ina maka fatan alheri kai da ma'aikatanka. Ni dai maganar hoton nan na uku da kuka sa a shafinku na ƙarshen mako, na sojojin da suke barci a cikin ramin yaƙi, ita ce ta sa na ɗau waya nake rubuto maka, dan tun ranar Juma'a abin yake cin raina, na so in haƙura na kasa. Wai waye ya rubuta abin da ke ƙasan hoton nan? "Barci a bakin aiki", har da alamar dariya guda biyu. Haba jama'a. Haba.

Dan Allah ka sake buɗe hoton ka ƙara masa girma ka duba da kyau. Akwai mutum ɗaya manne da jikin ramin da bindigarsa a hannu yana leƙen waje, to shi ne mai gadi, shi ne yake bakin aiki, kuma idonsa biyu. Sauran da suke zube a ƙasa kaman tsummokara an sallame su ne su ɗan runtsa kafin layi ya zo kansu. Hoton nan sananne ne, a Faransa aka ɗauke shi wajen kogin Som a watan Yulin 1916, lokacin yaƙin duniya na ɗaya, sojojin Ingila ne a ramin da suka ƙwace daga hannun Jamusawa, kuma a ranar farko kaɗai ta gumurzun Som ɗin, 1 ga Yuli, an kashe wa Ingila mutum sama da 19,000, wuni ɗaya fa, ban da waɗanda suka jikkata. Waɗanda suka tsira daga wannan su ne yaronku yake wa dariya. Kuma a dokar sojan Ingila ta lokacin wanda aka kama yana barci a kan gadi hukuncinsa yana iya kaiwa ga harbi, to ka gaya min wane mahaukaci ne zai yi wannan laifin a gaban mai ɗaukar hoto.

Amma gaskiya ba dan Turawan nan kaɗai raina ya ɓaci ba. Kakana na wajen uba ya yi yaƙin Bama, wato ƙasar Myanmar ta yanzu, lokacin yaƙin duniya na biyu, muna ce masa Baba Soja. Yana cikin runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma da aka kwasa a jirgin ruwa zuwa Indiya a 1944, daga nan aka shiga da su dazukan Arakan da ke Bama su kara da sojojin Japan, kuma bai sake ganin gida ba sai 1946. Duk wanda yake Kaduna ya san barikin Dalet a Kawo, amma ka tare matasa goma ka tambaye su ma'anar sunan, wallahi da wuya ka samu wanda zai ce maka wani wuri ne a Bama da mutanenmu suka zubar da jini. Haka barikin Chindit a Zariya, haka Myohaung da Arakan a Legas, duk sunayen daga wancan yaƙin aka ɗauko su.

Ni na tashi a gabansa, kuma ban taɓa ganin Baba Soja ya miƙe ƙafa a katifa ya yi barci irin na mutane ba. A zaure yake zama ya jingina da bango, ya ɗan karkata kai gefe, sandarsa a kan cinya hannunsa na dama a kanta, shi kenan ya yi barci. Ko cokali ne ya faɗi a tsakar gida sai ka ga ya zabura ido jawur yana waige waige. Iya, wato kakarmu, ta kafa mana doka tun muna ƙanana, ba a taɓa kafaɗarsa in za a tashe shi sallah, sai dai ka tsaya daga nesa ka kira shi a hankali ko ka taɓa babban yatsansa na ƙafa ka ja da baya. Wata rana yayana ya manta ya dafa shi, kafin ka ce kwabo tsohon nan ya cafke wuyan hannunsa ya murɗe, da ya farka sosai ya ga jikansa ne sai kawai hawaye, yana ta cewa yi haƙuri ɗan nan, yi haƙuri, ban san kai ba ne. Mutumin da ya haura saba'in a lokacin. Shekara fiye da arba'in da gama yaƙi amma barcinsa bai dawo ba.

Ba ya son ba da labari, sai in an yi ruwan dare mai ƙarfi ya kasa runtsawa ne yake ɗan buɗe baki. Ya ce min a can ba yunwa ce ta fi damunsu ba, dan jirgin sama yana jefo musu abinci da laima, kuma ba matsattsaku da sauro ba duk da sun sha jininsu, rashin barci ne. A wuni ana hawa da sauka a kan duwatsu, wasu da kaya niƙi niƙi a ka dan babu hanyar mota, da magariba a haƙa rami, dare ya yi kuma Japanawa su zagayo suna harbi nan da can suna ihu dan kawai kada kowa ya runtsa. Ya ce har a tafe mutum yake barci, ka riƙe jakar na gabanka ƙafarka tana tafiya kai kuma ba ka nan. Kuma in Allah ya sa aka ce a huta, ba mai neman inuwa ko busasshen wuri, inda maganar ta same ka nan za ka zube.

Akwai wani ɗan hoto da ya ajiye a adakarsa tare da lambobin yabonsa da takardar sallama, bai kai tafin hannu ba, ya yi ruwan ƙasa, gefe ɗaya gara ta ɗan ci. Mutum uku ne a gindin wata bishiya, na farko ya yi matashi da takalminsa, na tsakiya ya kifa hula a fuska hannunsa ɗaya a miƙe tafin yana kallon sama, na ukun kuma baki a buɗe ya jingina da kafaɗar na tsakiyan. Na ukun nan shi ne kakana, yaro ɗanye, ko gemu babu. Ranar da na fara gani na yi dariyar bakin nasa, ina yaro ban san komai ba, bai yi min faɗa ba, sai ya sa yatsa a kan na tsakiyan ya ce wannan bai dawo ba, a can muka binne shi, ka yi masa addu'a. Tun ranar ban sake yi wa mai barci dariya ba. Hausawa suna cewa barci ƙanin mutuwa ne, to a irin waɗannan hotunan sai ka ƙura ido sosai kafin ka iya bambance mai barci da gawa, kuma da yawansu wannan shi ne hotonsu na ƙarshe a duniya.

Shi ya sa abin ya yi min ciwo. Mai barci ba ya iya gyara hula, ba ya iya rufe baki, bai ma san ana ɗaukarsa ba balle ya ce ya yarda ko bai yarda ba, amana ce a hannun duk wanda hoton ya faɗo wa. Ku kuma kuka ɗauka kuka mayar abin nishaɗin ƙarshen mako. Kuma ka duba abin da mutane suka riƙa rubutawa a ƙasa bayan kun sa shi a Facebook, kun buɗe musu ƙofa, har aka koma zagin yaranmu da suke daji a Borno da Zamfara wai su ma barci suke. Ɗan ƙanwata yana can, sai ya yi sati ba mu ji muryarsa ba, uwarsa ta ga wannan abin ta kira ni tana kuka.

 

Abin da nake roƙo shi ne ku cire wannan rubutun na ƙasan hoton ku sa na gaskiya, inda aka ɗauka da shekarar da kuma cewa akwai mai gadi a tsaye, sannan ku ba da haƙuri a shafin da kuka yi laifin, ba a wani lungu da ba mai gani ba. Wanda ya rubuta ɗin ban ce a kore shi ba, ƙila yaro ne, a zaunar da shi a yi masa bayani. In kuma kuna so ku sake yin shafin yadda ya kamata, ku nemi gidajen mazan jiya, suna nan a Kaduna da Zariya da Kano da hotuna a cikin adaka ba wanda ya taɓa tambayarsu. Namu yana wajen babban yayanmu, zan iya roƙonsa ya bari ku ɗauka, amma da sharaɗin ni zan rubuta abin da za a sa a ƙasansa.

Wassalam.
Mai karanta ku kullum, daga Kaduna.