Satchel Paige, Ɗan Dakon da Aka Buɗe wa Ƙofa Yana da Shekara 42

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ɗan fili a shafinku na wasanni, wanda ƙwallon ƙafa ya mamaye daga sama har ƙasa, domin in kawo labarin wani gwanin jifa a wasan besbol na Amurka, Leroy Paige, wanda aka fi sani da Satchel. Ɗana da ke neman abinci a jihar Ohayo ne ya fara ba ni labarinsa, kuma tun daga ranar, duk lokacin da na ratsa kasuwar Kejetia a Kumasi na ga yara da kaya niƙi-niƙi a ka, sai ya faɗo mini a rai.

An haife shi a 1906 a garin Mobil na jihar Alabama. Yana yaro yakan yi dakon jakunkunan matafiya a tashar jirgin ƙasa, kuma daga nan laƙabinsa ya samo asali, don ma'anarsa jaka. Ƙaramar sata ta kai shi gidan horon yara na Mount Meigs, a can kuwa ya koyi jifa. Aikin mai jifa shi ne ya tsaya tazarar mita 18 da 'yan kai daga mai riƙe da kulki, ya sako ƙwallo wanda bai wuce girman lemu ba, ta yadda zai bi daidai inda doka ta ce amma mai kulkin ya kai duka ya sami iska. Paige ya shahara da saiti, inda ya nufa nan ƙwallo ke zuwa.

Sai dai a zamanin ƙuruciyarsa ba a barin baƙar fata ya shiga manyan gasanni, saboda haka daga 1926 ya yi ta yawo a gasannin baƙaƙe, a ƙungiyoyi irin su Birmingham Black Barons da Pittsburgh Crawfords da Kansas City Monarchs, har da ƙetarawa Jamhuriyar Dominika a 1937. Bayan Jackie Robinson ya karya wannan shinge a 1947 ne Bill Veeck, mai ƙungiyar Cleveland Indians, ya ɗauke shi zuwa ƙungiyarsa a Yulin 1948, yana da shekara 42, wato lokacin da sa'o'insa suka daɗe da komawa gefe. Duk da haka ya ci wasa 6, ya faɗi 1 tak, ƙungiyarsa kuma ta ɗauki kofin wannan shekara. A 1965, yana da shekara 59, ya sake fitowa ya yi jifa zagaye 3 a karawa da Boston ba a ci shi ko maki ɗaya ba. Ya rasu a 1982.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne shekaru 22 na ganiyarsa. Yawancin wasannin da ya yi a ƙauyuka da ƙananan garuruwa ba a ajiye lissafinsu yadda ya kamata ba, sai labarin baka, shi kuwa labarin baka yana mutuwa tare da mai shi. Sai a 2020 hukumar manyan gasannin ta amince cewa gasannin baƙaƙe ma manya ne, alhali kusan duk 'yan wasan suna kabari.

Mu ma a nan Kumasi muna kan wannan hanya. Kowa ya san filin wasa na Baba Yara, amma da wuya ka sami matashi a Aboabo da zai gaya maka cewa hatsarin mota ne ya nakasa shi Baba Yara, ɗan ƙwallon ƙafan da aka sa wa filin sunansa, a 1963, ya rasu a 1969. Dattawan da suka gan shi a fili da idonsu suna nan zaune a ƙofar masallaci bayan la'asar, kuma kullum raguwa suke yi. Ina roƙon ku turo wakilinku da na'urar ɗaukar magana ya zauna da su, ni kuma na ɗauki alkawarin yi masa jagora gida-gida.

Naku,
Wani tsohon malamin makaranta,
Aboabo, Kumasi