Ba yawan kyauta ke sauya ra'ayi ba

Malam Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan masu gangamin wayar da kai, waɗanda ke zaton da zarar sun cika mutum da kyauta, shi ke nan sun sayi zuciyarsa.

A wani bincike da suka wallafa a 1959, masana halayyar ɗan Adam Leon Festinger da James Carlsmith sun ba ɗaliban Jami'ar Stanford ta Amurka aiki mai gundura na awa guda, har da murɗa 'yan turakun katako ɗaya bayan ɗaya. Daga nan aka biya su domin su gaya wa na bayansu cewa aikin akwai daɗi. Wasu sun karɓi dala 20, wasu dala 1 kacal. Da aka tambaye su daga baya, 'yan dala 1 ne suka fi cewa sun ji daɗinsa.

Dalili kuwa, mai dala 20 ya san kuɗi ne suka sa shi ƙarya, hankalinsa kwance. Mai dala 1 ba shi da madafa, sai ya lallashi kansa har ya gaskata abin da bakinsa ya furta.

Don Allah ku riƙa tambayar masu rabon nan, mutum nawa ke kan bakansu bayan kayan sun ƙare?

Naka,
Wani mai karatu