Kun katse likita a daidai inda muke jira

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na lafiya na daren Talata ya ɓata mini rai. Kusan rabin awa mai gabatarwa yana ta caccakar salula, wai ita ta lanƙwasa wuyan 'yan lakwal. Da likitar gashin ƙashi ta shiga bayanin motsa jikin da ke miƙar da kafaɗa, ko na biyu ba ta gama ba kuka sako tallar sabulu, daga nan sai kiɗan rufewa. Haba!

'Yata ba ta da salula, ko 'yar ƙarama mai tocila. Bana za ta zauna BEPC, jarrabawar gama kwaleji. Su huɗu ne a tabur ɗin da aka yi don mutum biyu, dole ta karkace kafin ta yi rubutu. Da dare ta baje kaye a tabarma, ta duƙufa a kansa har goma ta wuce. Kafaɗunta sun zubo gaba kamar na tsohuwa mai tsintar wake. Uwarta ta shafa mata man zafi a ƙeya har kwalba ta ƙare, kullum gari ya waye ciwo na nan.

Ni tela ne, shekara 22 ina duƙe kan keke, na san wannan ciwo. Wani likita ya taɓa gaya mini kan babba ya kai kilo 5, kuma duk yadda ya zubo gaba, naman ƙeya ke ɗaukar wahalar. Na ƙirji ya ɗaure, na tsakanin kafaɗu ya mutu murus. Abin da ya koya mini shi na koya wa yarinyar. Ta jingina da bango, ta ja haɓa baya ba tare da ta sunkuya ba, ta ƙirga biyar, sau goma. Ta matse allunan kafaɗa kamar ta riƙe biro a tsakaninsu. Na ɗaura mata robar cikin tayar keke a ƙarfen taga, tana ja, gwiwar hannu na wucewa baya. Ƙannenta na mata dariya, wai tana jan guga. An samu sauƙi, alhamdulillahi, amma ni ba likita ba ne. Na so in ji ko daidai muke yi, da kuma lokacin da ya kamata a bar dabara a tafi asibiti. Ku kuka hana.

Ku dawo da baiwar Allahn nan, ku ba ta filin duka, ku kuma roƙe ta ta rage Faransanci.

Sannan layin kiranku. Sau uku ina bugawa, a ɗauka a bar ni ina sauraron kiɗa har kuɗina su ƙare, alhali mutum huɗu zuwa biyar ne muke ji kullum suna gaida surukansu.

Mai sauraronku,
wani tela daga unguwar Zariya, Maraɗi